Ranar da Tafki Ya Yi Gyatsa

Kwana biyu iska ta yi tana gangarowa daga kan duwatsu. A safiya ta uku Yurnalis ya fito da buhun abincin kifi a kafaɗa, bai kai bakin ruwa ba wari ya tare shi. Warin baragurbi ne, irin wanda ke shiga hanci ya zauna a maƙogwaro. Ya sauke buhun a kan matakala. Tafkin Maninjau da ya bari jiya kore shar ya koma kalar ruwan wankin shinkafa, keji takwas ɗinsa kuma sun yi fari fat da cikin matattun karfasa. Shekara ashirin da ɗaya yana kiwon kifi, ya ga tafkin ya yi wannan halin nasa ba sau ɗaya ba, amma bai taɓa share shi tas irin na yau ba.

Salatin ma sai daga baya ya tuna da shi. Abin da ya fara yi shi ne waiwayawa ya kalli gangaren bayan gida, inda wan matarsa, Datuak Bandaro, ya gina kwamin wanka wata huɗu da suka wuce.

Idon ruwan zafin da ke gangaren ya girmi kowa a ƙauyen, kuma ba a taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, sai dai mata su jiƙa barguna a ciki. Sai Datuak ya dawo daga Jakarta bayan shekara talatin yana sayar da yadi, da tumbi da dabaru. Ya kewaye idon da siminti, ya shafe shi da shuɗin fenti, ya kafa allo a bakin titi: RUWAN WARAKA, maganin sanyin ƙashi da ƙazuwa da ciwon baya da raunin magidanta. Ran Lahadi motoci ke gangarowa cike da tsofaffi, kowa da tawul a wuya. Ruwan da ya yi ambaliya kuma, bututu ne ke kai shi tafki, kusa da kejin Yurnalis na farko.

Gidan da filin da gaɓar duk na Masnidar ne, matar Yurnalis, da 'yan'uwanta mata, kamar kowane gida a ƙasar, inda mata ke gadon gida. Datuak ne ke da ta cewa a kansu, tunda shi ne namijin ɗaki. Yurnalis kuwa miji ne, da akwati ɗaya ya shigo. Shekara ashirin da shida da auren, har yau Datuak "baƙonmu" yake ce masa.

A kwasar mushe ranar ta ƙare. Maza suka haƙa rami a bayan gonar kirfa suna jidowa da baro, hanci ɗaure da ƙyalle. Da la'asar aka taru a shagon shayin Ujang, kowa yana warin abin da ya wuni yana ɗauka, ban da Datuak, wanda ke zaune a kujerar kusa da taga da wankakkiyar riga yana juya shayin ƙwai da cokali.

"Baƙonmu, sannu da hasara," in ji shi. "Allah ya mayar da alheri. Ko da yake na sha gaya maka, kifi ba ya buƙatar abinci sau biyar kamar salla."

"Datuak, shekara ashirin suna cin abincin nan suna ƙiba," in ji Yurnalis. "Sai da aka fara shayar da su ruwan wankan masu ƙazuwa."

"Ruwana magani ne. Makon jiya wani ya zo daga Bukittinggi yana dogara sanda, da zai tafi ya manta da ita."

"Wari ne ya kore shi, bai samu damar ɗauka ba."

Shagon ya ɗauki dariya. Ujang, yana goge kofi, ya ce kifin mutanen tsallaken tafki ma sun mutu, kuma can babu kwamin kowa. Babu wanda ya tanka masa, don maganar tasa za ta ɓata rigimar.

Datuak ya ajiye cokali. Ya ce tunda abin ya kai ga ɓata masa suna a gaban jama'a, zai kira Nelvia. Nelvia 'yar marigayiya yayar Masnidar ce, ta yi karatun ruwa har ta zama dakta, tana koyarwa a wata jami'a a Padang. Datuak ya ce shi ne kawunta, shi ya riƙe hannunta ranar da aka sa ta makaranta, ita za ta faɗi gaskiya. Yurnalis ya ce a kira ta, shi ya koya mata iyo, kuma yarinyar ba ta ƙarya.

Da ya koma gida ya tarar Masnidar tana suyar kifi da jan barkono.

"Ina kika samo kifi yau?"

"A kejina, Uda," in ji ta, yadda matan ƙasar ke kiran miji.

Tana da wani ɗan keji na gora a wajen duwatsun wanki, wanda shi yake kira kwandon wanke-wanke. Da hankalinsa na jikinsa da ya tsaya a kan amsar. Amma kansa cike yake da abin da zai gaya wa Datuak gobe, sai ya ci kifi uku ya sha ruwa ya tashi.

Ran Asabar da hantsi Nelvia ta iso a kan babur, da akwatin kwalabe ɗaure a baya. Ta sumbaci hannun kawunta, ta sumbaci na Yurnalis, ta saurari kowannensu ya gama rantse-rantsensa. Daga nan ta ce kwale-kwale take so da mutum ɗaya mai tuƙi. Yurnalis ya ce shi zai tuƙa. Datuak ya ce ba za a auna ruwa a bayan idonsa ba, ya shigo da rigar ceto da ta ƙi rufuwa a cikinsa, kwale-kwalen ya karkata gefe guda har sai da aka sa akwatin a ɗaya gefen.

Sun yi nisa da gaɓa ta zura wata kwalba mai murfi biyu da igiya mai ƙulli-ƙulli. Ta ɗebo na sama, ta tsoma wani ƙarfe mai waya, ta rubuta. Ta ɗebo na zurfin gaba goma, ta rubuta. Na gaba talatin da ta buɗe, Datuak ya kau da kai yana tofar da yawu a tafki.

"Mamak," ta ce wa Datuak, wato kawu a yarensu, "ara mini zobenka."

Zoben azurfa ne mai jan dutse, ya fi ƙwan tantabara girma. Da ƙyar ya fita daga yatsa. Ta jefa shi cikin kwalbar ta rufe, ta ci gaba da rubutu. Kafin Yurnalis ya gama taba ɗaya azurfar ta yi duhu kamar gindin tukunya.

"Kin kashe mini zobe," in ji Datuak.

"Toka za ta wanke shi. Farar wuta ce." Ta miƙa masa. "Kun san tafkin nan bakin dutsen wuta ne da ya rufta. A sama wutar ta mutu, a ƙasa da sauran zafi. Ruwan sama yana nutsewa cikin duwatsun nan, ya kai wajen zafin, ya dahu, ya kwaso farar wuta da gishiri iri-iri, sannan ya nemi hanyar fita. Wanda ka yi wa siminti, Mamak, ido ɗaya ne. A ƙarƙashinmu akwai 'yan'uwansa da babu wanda ya taɓa gani. In ruwan ya huce ya fi na sama nauyi, sai ya kwanta a ƙasa shekara da shekaru, babu iskar da kifi zai shaƙa a cikinsa. Ranar da iska mai ƙarfi ta daɗe tana kaɗawa, sai ta juya tukunyar, na ƙasa ya hau sama."

"Tafkin ya yi gyatsa ke nan," in ji Yurnalis. Ya ɗora filafili a cinya ya kalli surukinsa. "Datuak ya ji da kunnensa. Ruwan zafi ne."

"Pak Etek," in ji Nelvia, haka take kiran mijin innar tata, "bututun Mamak cokali ɗaya ne a cikin randa. Ko an toshe shi yau, babu abin da zai canja."

Datuak ya gyara zama, kwale-kwalen ya yi tangal-tangal. "Na gode, 'yata. Mu koma."

"Da saura. Pak Etek, kai mu ƙarƙashin kejinka."

A can ta zura wani ƙarfe mai baki kamar na kada. Da ta jawo shi ya fito da baƙar laka mai yauƙi, ta zube ta a faranti a tsakaninsu. Yurnalis ya san warin. A ƙarƙashin na baragurbin akwai wani da yake ɗauka a kafaɗa kullum da safe.

"Wannan ba daga dutse ya fito ba," in ji Nelvia. "Abincin da kifinka suka bari ne, da wanda suka ci suka fitar. Naka da na kowa, na shekara ashirin. Yana ruɓewa a ƙasa, ya cinye 'yar iskar da ta rage, ya ƙara wa warin ƙarfi. Kakanninmu ma sun ga tafkin yana juyawa, amma sai a daɗe ba a gani ba. Dutse ne ya kawo farar wutar, ku kuka yi mata miya."

"Sau biyar a rana," in ji Datuak, yana kallon sama kamar mai tasbihi.

Yurnalis ya sunkuya ya kalli farantin. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya so a ce yarinyar ta yi kuskure, amma lakar na gabansa, har da 'yan ƙwayoyin abincin da ba su gama narkewa ba. Ya ɗauki filafili ya juya kwale-kwalen da ƙarfin da bai kamata ba.

Suna bin gaɓa a hankali, ƙarfen mai waya yana jan ruwa a bayansu, sai Nelvia ta ɗaga hannu. Ta kalli na'urar, ta buga ta a tafin hannu, ta sake kallo. Ta ce a koma baya kaɗan. Ruwan wurin ya fi na ko'ina sanyi, gishirinsa kaɗan ne, farar wuta kuma kusan babu. Suka ɗaga kai. Daidai duwatsun wanki suke. Masnidar na tsaye a ruwa zuwa gwiwa tana ɗauraye labule, kejin gorarta a gefe, kifi na ta wasa a ciki kamar ba a yi komai ba.

"Etek," Nelvia ta kira innar tata, har tana neman miƙewa tsaye, "akwai ruwan ƙasa mai sanyi da ke ɓullowa a nan. Daga kan tudu yake, bai kai wajen zafin ba. Shi ke ture gurɓataccen."

"Sai da kika yi shekara goma a jami'a kika gano?" Masnidar ta matse labulen. "Cire takalmi ki tura ƙafa cikin yashin nan, za ki ji shi yana taso miki tsakanin yatsu. Kakarki ta nuna mana tun muna yara. Duk ranar da tafki ya yi wari, nan ƙananan kifi ke taruwa, da kwando muke kwasa."

"To me ya hana ki gaya mini?" in ji Yurnalis.

"Na gaya maka, Uda, shekarar da ka kafa keji na farko. Ka ce mata su tsaya a wankinsu. Ga ni nan na tsaya."

Datuak ya yi dariya har rigar ceton ta zame masa daga kafaɗa. Masnidar ta dube shi.

"Kai ma a gabanka aka nuna mana, Datuak. Kana can kana cin mangwaro."

Da abin ya tsaya a nan, da Datuak ne ya ci riba. Amma nasara ta hau masa kai. Ya ce tunda ga dakta a gida, ta kwana, gobe ta auna masa ruwan kwami ta rubuta takarda da hatimi, ya manna a allonsa.

Ran Lahadi da safe, kafin motoci su iso, ta auna. A bakin idon ruwan ba ya taɓuwa da hannu. A cikin kwamin kuwa ɗumi ne mai daɗi, gishirinsa rabin na idon. Ta ce lallai wani ruwa na shigowa yana surka shi. Ta zagaya bayan katangar ta ga inda siminti ke tsatsafa, ta bi danshin ta hau gangaren, Yurnalis na biye da ita riƙe da akwati, don zuciyarsa ta ba shi cewa yau akwai abin kallo. Taku arba'in sama da kwamin suka iske kududdufin da ɓaunayen noma biyu na Datuak ke birgima. Ɗaya na kwance a ciki, hanci kawai a waje.

"Ba zai yiwu ba," in ji Datuak, wanda ya iso yana haki. "Tsakaninsu akwai ƙasa."

"Tsakuwa ce, Mamak. Bari mu gani."

Ta fito da wani ƙullin gari, ta ce rini ne da ba ya cutar da kowa, ta zuba a kududdufin. Ruwan ya koma kore kamar ɗanyen ganyen ayaba. Ɓaunar ta buɗe ido ɗaya ta rufe. Datuak ya ce su jira har tashin kiyama, ya sauka ya tarbi baƙinsa.

Bayan azahar, tsofaffi goma sha ɗaya na jiƙe a kwamin zuwa wuya, wani kore ya fara fitowa daga kusurwar baya, siriri kamar hayaƙi. Ya bazu. Wata hajiya daga Payakumbuh ta ɗaga hannunta ta duba, ta tambaya ko lafiya. Yurnalis na tsaye a bakin ƙofa, ya cusa gefen zaninsa a baki.

Datuak bai yi shekara talatin a kasuwa a banza ba. Ya tafa hannu ya ce su gode wa Allah, sau ɗaya a shekara ruwan ke fito da cikakken ƙarfinsa, kuma yau ce ranar. Wani tsoho ya kamfata zai kurkure baki, Nelvia ta riƙe masa hannu ta ce ƙarfin na shafawa ne kawai. Ta matsa kusa da kawunta ta ce masa a hankali, ko ya fitar da su yanzu, ko ita ta kai su su gaisa da mai maganin. Nan take Datuak ya sanar cewa fiye da minti biyar a irin wannan rana yana da haɗari.

Da motocin suka tafi ya ja Yurnalis gefe, ya miƙa masa taba, har ya kunna masa.

"Mu 'yan gida ɗaya ne," in ji shi. "Abin da ya faru a gangaren nan, babu dalilin da zai sa ya kai shagon Ujang."

"Haka ne, Datuak. Lakar da aka ɗebo jiya ma babu dalilin da zai sa ta kai can."

Suka yi musafaha. Kafin magariba duk labaran biyu sun kai shagon, don Masnidar ta ba matar Ujang a wajen wanki.

Nelvia ta ƙi rubuta takarda sai an gyara. Datuak ya mayar da ɓaunayen gonar ƙasa, ya cike kududdufin, ya sa aka yi wa bayan katangar siminti ninki biyu. Ruwan ya fito tas, ba ɗigon komai a ciki sai abin da dutse ya aiko, da duk zafinsa. Mutumin farko da ya tsoma ƙafa bayan gyaran, wani malamin makaranta mai ritaya, ya fito da gudun da bai yi irinsa ba tun yana saurayi. Ashe ɓaunayen ne ke riƙe da sana'ar. Datuak ya yi mako guda ba ya fita, sannan ya sa aka goge allon. Yanzu ƙwai da masara ake dafawa a kwamin cikin kwandon waya, masu wucewa na tsayawa su saya, yana gaya musu ƙwan na maganin sanyin ƙashi.

Yurnalis kuwa sai da ya yi kwana tara yana zagaye maganar kafin ya sami Masnidar tana tsince shinkafa.

"Masni, wurin nan na wanki. Da faɗinsa."

"Na wanki ne, Uda."

"Na ce ko keji huɗu."

"Biyu. Abinci sau biyu a rana, da gwangwanina za a auna. Ranar da na ga laka a yashin mahaifiyata, da kaina zan kwance igiyar."

Ya ce biyu ba sana'a ba ce, wasan yara ne. Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Washegari ya ja keji biyu zuwa duwatsun wanki, ya kwance sauran shida ya jingine gorar a bayan kicin. Maza suka yi ta tsokanarsa a shago, suna tambaya ko an ba shi sabulu. Ya sha shayinsa bai kula su ba, ko da yake abin na cinsa.

A watan sha biyu iskar ta dawo, ta yi kwana uku. Tafkin ya sake yin fari, aka sake haƙa rami a bayan gonar kirfa. Kifin Yurnalis sun taso sama suna buɗe baki kamar masu gulma, ya wuni a tsugune a kan dutse yana kallonsu. Bakwai suka mutu. Sauran suka koma ƙasa da yamma. Bai yi murna a fili ba, don maƙwabtansa na jidar nasu da baro, sai ya ɗaura ƙyalle a hanci ya je ya kama musu. A shagon Ujang dai, bayan mako biyu, an ji shi yana bayanin ruwan ƙasa da na dutse da cokali da kofi, yana cewa ya daɗe yana nazarin abin.

Nelvia ta aiko da kwalabe sha biyu da igiyar nan mai ƙulli, ta ce a riƙa ɗebo mata ruwa wuri uku farkon kowane wata, a rubuta rana a jiki. Da sunan Masnidar saƙon ya zo. Ita ke zama a gaba da igiya a hannu da tabarau a kan hanci, Yurnalis a baya da filafili.

"Hagu kaɗan, Uda," in ji ta. "Ka wuce wurin."

Ya ce bai wuce ba, ya san tafkin nan kamar tafin hannunsa. Sannan ya karkata hagu.